Saƙon Mutuwar da Ban Hau Dutse Na Kai Ba

Pumpumre, Garwa

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan kin isa Ngaundere lafiya, motar ba ta zubar da ku a hanya ba kamar wancan karon. Allah ya tsare min ke a makaranta, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a duk inda za a tura ki. Goggonki Asabe tana gaishe ki. Ta ce in faɗa miki kin manta yajin da ta daka miki, na ce mata yaji zai jira.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Ranar da muke cin tuwo kika ce furofesanku ya raba muku aiki, ke an ba ki mutanen Fali, za ki hau duwatsun bayan Pitowa ki zauna cikinsu ki rubuta yadda suke rayuwa, kin ga na tsame hannuna daga kwano. Kika ce, "Baba, miyar ce?" Na ce gishiri ya yi yawa. Gishiri lafiyarsa lau. Sunan ƙauyen da kika ambata ne ya hana ni ci. A ƙauyen nan aka haifi mahaifiyarki. Tsohuwar da ta haife ta tana can da ranta, kuma har yau ban je na gaya mata 'yarta ta rasu ba.

Ki sake karantawa in kina so, haka na rubuta. Na kasa faɗa miki ido da ido, shi ya sa na bari sai da kika tafi. Wannan ma rashin ƙarfin hali ne, ki haɗa shi da sauran da za ki ji.

An gaya miki mahaifiyarki marainiya ce da ta tashi a gidan wata Hajiya a cikin gari. A gidan Hajiyar ta tashi, wannan gaskiya ne. Tana ƙarama aka sauko da ita daga dutse don ta yi aikin gida, a nan ta musulunta aka sa mata Hajara, a nan na gan ta tana zuwa shagona karɓar atamfar Hajiya. Amma marainiya, ni na mayar da ita da bakina. Tana da uba da uwa da wa. Na ga in na ce marainiya ce ba mai ƙara tambayata, kuma kin san mutanen kasuwa, tambaya ce abincinsu. Mu da kakanmu ya zo daga Kano da jakuna, muna ji da kanmu kamar mu muka kafa Garwa, alhali mutanen da muke rainawa suna kan duwatsun nan tun kafin kakan namu ya san hanyar Binuwai.

Bayan aurenmu yayanta, wato kawunki, ya sauko ya zo shago da buhun gyaɗa a ka, gaisuwar suruki. Na ajiye shi a kan benci a waje, cikin rana. Na sa aka ba shi ruwa a gwangwanin da nake ba masu dako. Maƙwabcina ya leƙo ya ce wane ne, na ce masa da Fillanci, "Wani kaɗo ne mai kawo min gyaɗa," wato wani arne. Kawunki yana jin Fillanci fiye da ni. Ya shanye ruwan, ya ajiye gwangwanin a hankali, ya ce, "Useko," wato na gode, ya tafi. Da na koma gida na tarar ya biya ta wurin ƙanwarsa. Ita dai ta dafa gyaɗar ta ajiye min, na kuwa ci.

To, Ummi, ku a jami'a kuna ce wa mutanen dutsen nan otokton, wato 'yan asalin ƙasa, na ji ki kina ta nanata kalmar kamar sunan magani. Mu a kasuwa arna muke cewa, ko kirdi, ko kaɗo. Ban ga wanda ya tsaya ya tambaye su me suke kiran kansu ba. Ki tambaya tun ranar farko, abin da suka ce shi za ki riƙe. In an miƙo miki ruwa a ƙwarya ki sha, kada ki ciro gorar ruwanki ta kanti a gabansu. Za a yi miki tayin bilbil, giyar dawarsu. Ki ce addininki ya hana ki, da sakin fuska, za su gane, don 'ya'yansu da yawa yanzu masallaci suke zuwa ko coci. Abin da ba za su manta ba shi ne yatsina fuska. Mutum yana gane ƙyama ko da bai ji yaren mai yin ta ba.

Da aka haife ki, mahaifiyarki tana goya ki tana yi miki wata waƙa da yarensu in tana shara. Murya ƙasa-ƙasa take yi, don ta san ni. Wata rana na dawo da baƙi, muka shigo zaure muka ji ta. Na shiga na ce mata gidan nan gidan salla ne, kada in ƙara jin wannan yaren a ciki. Ta ce, "Alhaji, waƙar barci ce kawai, cewa take yi yarinya ta yi shiru uwa ta tafi ɗebo ruwa." Na ce ko ta mece ce. Ba ta ƙara ba. Yanzu ga shi na gan ki da hutu kina haddace gaisuwar Fali daga littafin da wani Bature ya rubuta, kina karya harshe, kina dariya. Na tashi na fita ne don kada ki ga fuskata. Yaren da za ki tsotsa kyauta a bayan mahaifiyarki, ni na toshe shi. Ki koye shi sosai, kada ki tsaya a gaisuwa. Kuma ki koya daga bakin mata a wurin daka da rijiya, kada ki dogara da tafinta, don tafinta yakan gyara magana ya ba ki wadda yake ganin za ki so.

Kuskuren da ya raba mu da su gaba ɗaya ya zo ne da kakanki, uban mahaifiyarki, ya rasu. Kina da 'yan watanni lokacin. Aka aiko daga dutse. Mahaifiyarki ta durƙusa ta ce min a wurinsu ba a binne babban mutum kamar yadda muke yi. Zaunar da shi ake yi, a naɗe shi da sawaye, irin farin saƙin hannu mai siririn faɗi da Fulani ke ce wa leppi, a naɗa a kan naɗi, da fata. Kowane ɗan'uwa da kowane suruki yana kawo nasa, jama'a suna zaune suna ganin wanda ya kawo da wanda bai kawo ba. Ta ce, "Ba na ce ka je ba. Ka ba ni sawayen kawai in kai, a ce daga mijina."

Ni fa ɗan kasuwar yadi ne. Na san masu saƙa sawayen nan, na san rumfarsu, a ƙafa zan je in dawo kafin shayi ya huce. Amma na ce ba zan sa hannuna cikin aikin arna ba, ita ma ba inda za ta. Sai kuma na so in nuna ni mutumin kirki ne. Na yanko farin yadi mai kyau daga shago, irin wanda muke yin likkafani da shi, na ba direban da ke zuwa Pitowa ya miƙa. Har ina jin daɗi a raina, wai na koya musu yadda ake suturta gawa. Bayan kwana kaɗan yadin ya dawo a ninke yadda na aika shi, ko ƙura bai ɗauka ba. Daga baya na ji abin da aka fahimta a can. Rashin sawayen miji yana nufin 'yar ba ta da mai tsaya mata, an ɗauke ta ne kawai an ajiye. Farin yadin kuma cewa ne mamacinsu bai san yadda zai mutu ba sai na gaya masa. A gaban duk ƙauyen kakarki ta ji wannan, tana zaune kusa da gawar mijinta.

Mahaifiyarki ta yi kukan ubanta a madafa, cikin hayaƙi, don in na tambaya ta ce itacen ɗanye ne. Shekaru bayan haka na kai maganar gaban wani malami a masallacinmu, ina so ya ce na yi daidai. Ya dube ni ya ce addini bai hana mutum kyautata wa iyayen da ba musulmi ba, bai kuma hana mace zuwa ta'aziyyar ubanta ba. Ya ce, "Alhaji, kai dai ka ji kunyar abokanka ne." Na ji haushinsa har na canza sahu na wata guda, amma gaskiya ya faɗa.

Don haka ki bambanta abin da Allah ya hana ki da abin da girman kai ya hana ki, don su biyun sukan yi kama a cikin ƙirji. Ba wanda zai ce ki yi wa wani abu sujada. In ana abin da ba ki iya shiga, ki tsaya gefe da ladabi, tsayuwar ma halarta ce. Kuma kada ki kai wa mutane abin da kike ganin ya fi nasu a ranar da suka nemi nasu. Ki tambayi me ake kaiwa, ki kai shi yadda ake kai shi.

Kin fara tafiya kenan zazzaɓin damina ya kama mahaifiyarki. Bai ɗauki lokaci ba. Da hantsi ta cika, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Goggonki Asabe, wadda ta bar gidanta ta zo ta riƙe ki tun daga ranar, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, an aika dutse?" Na ce gobe. Aka yi sadakar uku na ce bayan bakwai. Aka yi arba'in ban aika ba. Tsoro biyu nake ji, kuma ba wanda ya isa a faɗa a gaban mutane. Ina tsoron su sauko Pumpumre da kururuwa da ganguna a gaban abokan kasuwata, a gane marainiyar tawa tana da dangi. Ina kuma tsoron su ce a ba su ke.

Bayan girbi kawunki ya zo shago. Wannan karon na jawo masa kujera a ciki, ya ƙi zama. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mun ji a kasuwar Pitowa, a bakin mai sayar da kanwa."

Na ce, "Ikon Allah ne. Abin ya zo da sauri."

Ya ce, "Ban zo jin yadda ya zo ba. Tsohuwa ta ce maganar kasuwa ba ta kashe mata 'ya. Kai ka ɗauke ta da rai. Kai za ka hau da ƙafarka, ka tsaya a ƙofarmu, ka ce ta mutu. Sai ka faɗa za mu yi kuka. In ba ka faɗa ba, a wurinmu tana Garwa gidan mijinta."

Na ce zan zo bayan salla. Ummi, ke da kanki ki ƙirga sallolin da aka yi daga lokacin da kike tatata zuwa yau da kike rubuta memwar, kundin kammala karatu, a jami'a. Da farko kunya ce ta hana ni. Daga baya kunyar daɗewar ce ta hana ni, kowace shekara ta fi ta baya nauyi. Ina zuwa kasuwar Pitowa ta Lahadi da kaya, wani lokaci mukan yi kiciɓis da kawunki. Ba ya gaishe ni, ba ya zagina. Yakan tsaya ya ce, "Tsohuwa tana nan," ya wuce. Wata mata 'yar ƙauyen da ke sayen yadi wurina ta gaya min duk girbi kakarki tana ware kason dawa ta ce na 'yarta ne, in ta zo za ta ɗauka. Ta san gaskiya sarai, ba ruɗewa ta yi ba. Ta dai ƙi ta yafe min aikin da yake nawa. Ba a yi wa mahaifiyarki makoki a gidan ubanta ba, ba a kira sunanta cikin matattunsu ba, tana nan rataye tsakanin mu da su saboda ni.

Abin da na koya a nan ba mai daɗi ba ne. Maganar da ta zama dole, ki faɗe ta tun tana da zafi. In kika yi wa wani alkawari a can, ko na hoto ne da za ki wanko masa, ki cika. Sun ga masu karatu da yawa sun hau da jaka da na'urar ɗaukar murya, sun sha ruwansu, sun kwashi maganar tsofaffinsu, sun sauka ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Kada ki ɗaga waya a kan wani abu sai kin nemi izini. In tsoho ya ce wannan ba a faɗa, ki bar shi, kada ki zagaya ki tambayi jikansa. Furofesanki tsoffin al'adu yake so, na sani, amma za ki tarar abin da ke cin ransu shi ne takin auduga, da shanun da ke shiga gona, da 'ya'yan da suka gudu gari suna tuƙa moto, wato babur na haya, da tsoron masu satar mutane. Ki rubuta wannan ma. Mutane ne masu rai da ciwon kai irin namu, ba a ajiye su a kan dutse don a zo kallo ba.

Watan jiya na sake haɗuwa da kawunki. Ya tsufa, ni ma haka. Ya ce, "Tsohuwa tana nan," sai ya ƙara abin da bai taɓa ƙarawa ba. Ya ce, "Idonta ya tafi. Ba ta fita tsakar gida yanzu." Ya gyara hularsa ya shiga cikin mutane. Na dawo gida ban iya buɗe shago ba washegari.

Kina da damar komawa wurin furofesanki ki ce a canza miki ƙauye, ba zan ga laifinki ba. Ba ke kika ɗaura wannan kayan ba. Amma in za ki je, ga abin da nake roƙo. Kada ki shiga a matsayin ɗalibar jami'a mai takardar izini daga hukuma. Ki nemi gidan, ki ce ke 'yar Hajara ce wadda aka kai Garwa, ba a rasa wanda zai nuna miki. Ki durƙusa gaban kawunki ki gaishe shi da yarensa, ko da a karye ne. Ki bar tsohuwa ta shafa fuskarki. Goshin mahaifiyarki gare ki da muryarta, hannunta da kunnenta za su gane. In ta tambaye ki ina 'yarta, kada ki faɗa. Ki ce Baba yana tafe. Maganar nan ba ta fita ta bakinki, kuma in ta fita ma ba za a karɓa ba.

Ina so ki riga ni ne don ta sami wani abu a hannu kafin in zo in karɓe wanda ta riƙe duk shekarun nan. Na kuma san akwai ɓuya a ciki, tsoho yana laɓewa bayan 'yarsa, ban ɓoye wa kaina ba. Da kin kira ni kin ce kin gan ta, zan rufe shago in zo. Gwiwata ba ta son tudu yanzu, amma ba za a ɗauke ni a moto ba, da ƙafa aka ce. Zan tsaya a ƙofarsu in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun kina goye. Abin da za su yi min bayan nan nasu ne, in sun tofa min yawu na ci bashinsa.

Ina tsoro, Ummi. Tsoron dutse kaɗan ne. Wanda ya fi shi shi ne ki gama karanta wannan ki kasa kirana Baba. Na hana ki uwa tun tana da rai, na hana ki kaka da kawu da yare, na bar ki kina biyan kuɗin makaranta don a koya miki danginki. In kin yi fushi ki yi, kina da gaskiya. Ki dai je kafin tsohuwar ta tafi, fushin zai same ni a nan duk ranar da kika dawo.

Abu na ƙarshe. A takardar aikin da aka ba ki na ga an ja layi a ƙarƙashin makoki, wai shi ne abin da ɗalibi bai cika dacewa da gani ba. Ke za ki gani. Da na rufe bakina matan gidan za su fara kuka, za a kira dangi daga sauran ƙauyukan, za a yi duk abin da aka jinkirta. Na mahaifiyarki ne. Ranar ki bar waya da biro a cikin jaka, ki zauna a ƙasa kusa da kakarki. Ke ma ba ki taɓa yi mata kuka ba, kin yi ƙanƙanta lokacin.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa su buɗe miki ƙofa. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da irin halin ubanki. Ya jiƙan Hajara, ya haskaka kabarinta. Ya kuma ara wa tsohuwar nan kwana har in iso.

Wassalam.

Mahaifinki.